Tikombo, In Ji Na-Ƙetare

Mako uku kacal maigidana ya taɓa yi a ƙasar waje, amma yau shekara ashirin da biyu ke nan muna cin wannan mako uku a gidanmu, safe da rana, kuma ko rabi ba mu ci ba. Wurin aikinsu ne suka tura shi kwas na tsara kaya a sito, a wani gari da ke bakin teku. Ya tafi siriri, wando na zame masa, ya dawo da tumbi da wata farar hula mai baki, da kuma sabon suna. Mai askin unguwarmu ne ya laƙa masa Na-Ƙetare don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Babu zancen da za ka ɗauko a gabansa bai kai shi bakin teku ba. In ka ce yau an yi zafi, ya ce ai ba ka ga zafin can ba. In na soya kifi, sai ya ɗaga shi ta wutsiya ya juya shi ya ce, "Wannan a can ai shi ake maƙala wa ƙugiya a kamo kifin gaske." Ya faɗa, sannan ya cinye har kai.

Bara ya yi ritaya. A sito, mutum arba'in ne ba sa ɗaukar ko tsintsiya sai ya sa hannu. A gida kuwa ba mai tambayarsa komai. Babbar 'yarmu, wadda muke kira Nas saboda aikin jinya take yi, da ƙanwarta Auta da ke sakandare, duk abin da ya shige musu duhu waya suke tambaya. Wata rana ina kallo Auta ta tambayi wayarta yadda ake canja ƙwan fitila, ubanta na zaune a ƙarƙashin fitilar. Ya dai ninke jaridarsa gida huɗu ya shiga ɗaki. Abin ya tsaya mini a rai.

Don haka ranar da Nas ta ce ta shirya mana tafiya hutu, mu duka, kuma zuwa wancan garin na bakin teku, sai na ga maigidana ya miƙe tsaye kamar an kira sunansa a taro.

"Sharaɗi ɗaya," ya ce, yana ɗaga yatsa. "Ba wanda zai taɓa waya don fassara. Ni ne tafintanku. Abin da za mu ci, inda za mu je, duk ta bakina. Ku yi mini alkawari."

Muka yi. Auta ta yi nata tana kallon wayar kamar za a raba ta da jinjiri.

Labari ya kai wa yayarsa, wadda yara ke kira Gwaggo, mai sayar da yadi a kasuwa. Washegari sai ga ta da jakarta a ɗaure.

"Da ni za a je," ta ce. "Shekara ashirin da biyu ana cika mini kunne. Zan je in ga inda aka sauya mini ƙane da idona."

Saura kwana uku tafiya ya tara mu a falo don darasi. Ya sa farar hular, ya shafa gashin bakinsa, wanda ya girmi Nas da shekara biyu.

"Yaren nan ba wuya. Kalma ɗaya za ku riƙe, ta ishe ku: tikombo. Ku ce tikombo."

"Tikombo," muka amsa kamar 'yan aji ɗaya.

"Ma'anarta, ya isa haka, na gode. A bakin wata dattijuwa na koye ta, mai dafa mana abinci a masauki. Kullum in na kusa cinyewa sai ta tsaya a kaina da ludayi ta ce, tikombo? Wato ya isa? Ni kuma in ce tikombo. Sai ta zuba mini wani."

"To in ya isa, me ya sa take zubawa?" in ji Nas.

"Karamci, 'yata! Halinsu irin namu ne sak. Ke in baƙo ya ce miki ya ƙoshi, yarda kike yi? Ai kin san kunya ce, sai ki ƙara masa. Haka suke. Kai ka yi ta cewa ya isa, su su yi ta ƙarawa. Mutanen kirki."

"Sauran kalmomin fa?" in ji Gwaggo.

"Suna nan, Yaya. Da na shaƙi iskar tekun za su dawo."

Kafin mu tashi sai da ya zagaya unguwa yana sallama kamar mai tafiya yaƙi. Mai aski ya kaɗe kujera ya ce ya zauna a gyara masa kai kafin tafiya. Maigidana ya yi wata 'yar dariya.

"Bar shi kawai. Can zan yi aski, a hannun ƙwararru."

Mai aski ya ninke tawul ɗinsa a hankali. "Allah ya kai ku lafiya. Ka dai dawo mana da kan."

A filin jirgin can muka tarar da wata budurwa riƙe da kwali, tana jiranmu. Ashe Nas ce ta shirya da ita a ɓoye. 'Yar wajenmu ce, karatu take yi a garin, in an yi hutu tana zagayawa da baƙi. Ta durƙusa ta gaishe mu da Hausarta garau, har Gwaggo ta fara tambayarta gidan su wa.

Maigidana ya shiga tsakani. "'Yata, Allah ya yi miki albarka, koma ki yi karatunki. Tun ba a haife ki ba nake garin nan."

Yarinyar ta dubi Nas, Nas ta dubi ƙasa. Muka ja akwatunanmu da kanmu.

Iskar tekun ta buge mu tun daga ƙofar fita. Na saci kallon maigidana in ga ko kalmomin sun fara dawowa. Ya shaƙa, ya sake shaƙa, sannan ya nuna wa direban tasi takardar adireshi da yatsa. Direban ya kunna rediyo, wani kiɗa mai ganguna. Gwaggo ta toshe kunne ta ce a rage. Maigidana ya taɓa kafaɗar direban ya ce, "Tikombo." Direban ya washe baki ya murɗa. Ya sake cewa tikombo, ya sake murɗawa, har gilashin mota na rawa.

"Kun gani?" maigidana ya ɗaga murya don mu ji. "Ko kiɗa ba sa yi wa baƙo rowa!"

Masaukinmu a hawa na uku yake, ɗaki biyu da ɗan kicin da baranda mai igiyar shanya. Gwaggo ta hau tana haki tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro bene. Da ta fita barandar ta ga teku shimfiɗe har inda ido ya tsaya, sai ta riƙe haɓa. Can ta ce, "Yanzu wannan ruwan haka aka bar shi a buɗe, ga yara na yawo?"

Washegari da rana ya kai mu cin abinci. Wuri ne a kan duwatsun gaɓa, tebura a ƙarƙashin rumfa, ƙanshin gashi na tashi, tsuntsayen teku na shawagi suna jiran wanda zai yi sakaci. Ya karɓi takardar abinci, ya riƙe ta nesa, ya matso da ita kusa, sannan ya dangwala yatsa a tsakiya. Allah ya taimake shi, gasasshen kifi aka kawo, mai faɗin tire, da lemon tsami da man zaitun da burodi mai zafi. Gaskiya ɗaya zan faɗa, ban taɓa cin kifi irinsa ba. Har Gwaggo ta lashe yatsa ta ce, "To, a nan dai ba ka yi ƙarya ba."

Muka ci muka yi nak. Mai hidimar, wani dogo mai farin gyale a ƙugu, ya zo ya dubi ƙasusuwan ya ce, "Tikombo?"

Maigidana ya dafa tumbi, ya lumshe ido. "Tikombo."

Sai ga tire na biyu, jatan lande jajaye sun yi tsibi.

"Karamci," ya raɗa mana. "Ku taɓa ko kaɗan ne, kada su ji haushi."

Muka taɓa. Dogon ya dawo, aka sake tikombo. Sai ga ƙaguwa guda shida, kowace da 'yar gudumarta ta katako. Aka sake tikombo, wannan karon da ɗan ƙarfi, har da girgiza hannu. Sai aka jawo tebur na biyu aka haɗa da namu, aka ajiye wata halitta mai ƙafa takwas, ta baje a faranti tana sheƙi.

Gwaggo ta ja kujerarta baya. "Wannan kafin a dafa shi, wace sana'a yake yi?"

"Yaya, ki rage murya, ana kallonmu."

Ana kallonmu kuwa. Mai dafa abincin da kansa ya fito daga kicin don ya ga mutumin da ya ci tire huɗu yana neman na biyar. Maigidana ya ga ido ya yi yawa, sai ya ɗauki guduma don ya nuna mana yadda ake fasa ƙaguwa. Ya ɗaga, ya maka. Hannun ƙaguwar ya yi tsalle, ya haye kan Auta, ya faɗa tsulum a kwanon miyar wani tsoho da ke tebur na gaba, miya ta wanke masa gaban riga. Maigidana ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya rusuna cikin ladabi ya ce wa tsohon, "Tikombo."

Tsohon ya ɗauki kwanonsa ya koma can ƙarshen rumfa.

Da dogon ya sake tahowa da tire, Gwaggo ta kife farantinta, ta ɗora tafin hannu a kai, ta zare masa ido. Nan take ya juya da tirensa.

"Ka ga nawa yaren," ta ce wa ƙanenta. "Ban je kwas ba."

Da ledoji huɗu muka koma masauki. Kwana biyu muna karyawa da ƙaguwa.

A rana ta uku ya ce za a ɗauki hoton iyali a gaban hasumiyar fitilar da ke nuna wa jirage hanya, don haka sai ya yi aski. Yara da Gwaggo suka tafi kallon kantuna, ni na raka shi. Shagon ɗan ƙarami ne, kujera biyu, madubi mai tsatsa a gefe, da wata kyanwa kwance a kan tawul. Maigidana ya cire hula, ya haɗa yatsu biyu ya nuna wa mai askin kaɗan. Mutumin ya gane, ya rage kaɗan daidai, ya ɗaga ƙaramin madubi ta ƙeya ya ce, "Tikombo?"

"Tikombo," in ji maigidana, yana shirin tashi.

Mutumin ya maida shi kujera ya ci gaba. Ya sake ɗaga madubi, aka sake tikombo. Ya ajiye almakashi ya ɗauko inji. Ina zaune a benci ina kallon gashi na zuba kamar ana sussuka. Maigidana ya fara zufa, yana ta tikombo, tikombo, murya na hawa. Da kan ya ƙare tas, mai askin ya tsaya ya duba ko'ina, bai ga sauran abin yankewa ba sai gashin baki. Ya nuna shi da reza, da alamar shi ma yana shakka. "Tikombo?"

"Tikombo!" maigidana ya daka tsawa, yana kare bakin da hannu.

Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya janye hannun cikin lallami, ya shafa kumfa. Shara biyu, aikin shekara talatin ya bi ruwa.

Muka fito, kansa na ƙyalli kamar ɓararren dafaffen ƙwai. Ya ja hula har gira. "Salon garin ke nan yanzu," ya ce, bai dube ni ba.

Gwaggo na tsaye a bakin hasumiya. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Salamu alaikum, bawan Allah. Don Allah ba ka ga ƙanena ba? Wani mai gashin baki, mai yawan magana."

Bayan la'asar ina shanya a baranda, Auta ta lallaɓo ta tsaya kusa da ni.

"Mama, na karya alkawari."

"Na sani. Me ta ce?"

"Tikombo ba ya isa ba ne. A ƙara ne. Tambayarsa suke, a ƙara? Shi kuma ya ce a ƙara."

Na zauna a kan bokiti. Dariya ta taso mini, na danne ta da zanin da ke hannuna har hawaye suka zubo. Auta ta ce Nas ma ta sani tun ranar ƙaguwa. Ta ce, "Bari in je in gaya masa."

Na riƙo hannunta. Ta tagar falo ina hango shi, ya baje taswira a tebur, Nas na tambayarsa ta ina jirgin ruwa ke bi, shi kuma yana ja da yatsa yana bayani. Kwana ukun nan kullum shi ne a gaba, mu a baya, yara na cewa Baba nan ina ne, Baba wancan mene ne. Tun da ya bar sito ban ga kafaɗarsa a miƙe haka ba.

"Kada wanda ya faɗa masa," na ce. "Saura kwana biyu. Me zai faru a kwana biyu?"

Wannan laifina ne, na amsa.

Da safe muka je yawon jirgin ruwa, wanda ke zagayawa da baƙi su ga kogunan dutse da tsibirai. Jirgi ne buɗaɗɗe mai inji, ya ɗauki mutum kusan talatin. Muna shiga sai ga budurwar nan da ya kora a filin jirgi, riƙe da lasifika, ta rako wasu baƙi. Ta gaishe mu, ta ɗan tsaya a kan fuskar maigidana, ta haɗiye abin da ta so faɗa.

Aka raba rigunan kariya masu ruwan lemo. Gwaggo ta karɓi biyu. Maigidana ya ture tasa.

"Wannan ta sababbin shiga ce. Ni da teku mun san juna."

Ya wuce can gaba ya zauna a hancin jirgi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Da fari lafiya lau. Ruwa kore shar, kana ganin kifi a ƙasa. Muka shiga wani kogo mai sanyi, murya na amsa kuwwa, Auta na ta ɗaukar hoto. Da muka fito fili, matuƙin, wani tsoho da rana ta gasa, mai haƙori ɗaya na zinariya, ya ɗan taka inji don ya faranta wa baƙi. Jirgi ya ɗaga hanci ya doki ruwa, ya sake ɗagawa ya doka. Mata suka yi 'yar ƙara, maza suka yi dariya. Na dubi maigidana, na ga ya sauke ƙafar, fuskarsa ta koma kalar toka. Ƙaguwar kwana biyu ta fara neman hanyar gida.

Matuƙin ya sassauta, ya juyo ya tambayi jama'a, "Tikombo?"

Aka shiga kallon juna. Na buɗe baki ke nan, sai murya ta tashi daga hancin jirgi.

"Tikombo! Tikombo!"

Haƙorin zinariya ya haska. Tsohon ya nuna maigidana da yatsa, irin na an samu namiji, ya danna inji har ƙarshe.

Abin da ya fara tafiya hular ce. Iska ta fizge ta, ta yi sama, ta sauka can baya a kan ruwa, farar hular shekara ashirin da biyu. Kan ya fito fili yana walƙiya. Maigidana ya rungume ƙarfen jirgi da hannu biyu yana ihu, "Tikombo! Don girman Allah tikombo!" Wasu samari a baya suka ɗauka wasa ne, suka kama tafi suna amsa masa, "Ti-kom-bo! Ti-kom-bo!" Kafin ka ce me, rabin jirgi ya ɗauka.

Gwaggo ta ƙanƙame ni tana salati, tana yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata mata rai a kasuwa, suna bayan suna. Na yunƙura in yi masa magana, igiyar ruwa ta cika mini baki da gishiri. Nas na ƙwala masa kira, iska na kwashe muryar. Muka zagaya wata hasumiya da ke tsakiyar ruwa sau ɗaya. Matuƙin ya dubi gwaninsa, gwanin ya ɗago da jajayen idanu ya ce tikombo, muka zagaya na biyu.

Sai ya saki ƙarfen ya taho da rarrafe ta tsakiyar jirgi, yana bin ƙafafun mutane, don ya je ya roƙi matuƙin ido da ido. A hanya ya ci karo da bokiti, ya rungume shi, ya mayar wa teku duk abin da ya karɓa daga gare ta. Ya ɗago, ya kama ƙafar wandon tsohon, hawaye na zuba, ya ce da 'yar muryar da ta rage, "Tikombo."

Tsohon ya jinjina kai don mamakin irin wannan jarumta, ya karya kan jirgi zagaye na uku.

A nan budurwar ta kai hannu ga lasifikarta.

"Baba! Don Allah ka yi shiru! Cewa kake yi a ƙara! Tikombo a ƙara ne!"

Ta juya ta faɗa wa matuƙin wata kalma guda, gajeriya. Nan take inji ya mutu. Jirgi ya lafa, ba ka jin komai sai ruwa na lasar gefensa.

Baƙin suka tambaye ta me ya faru. Ta yi musu bayani da yarensu, kuma ta manta ba ta sauke lasifikar ba. Dariya ta fara daga gaba ta bi layi har baya. Matuƙin ya zauna daɓas yana dukan cinya. Wata mata ta cire tabarau tana share ido.

Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta tofar da ruwan gishiri, ta dubi ƙanenta da ke zaune a ƙasa da bokiti a cinya.

"Tsaya in gane. Wato matar nan mai ludayi tambayarka take a ƙara, kai kuma kana cewa a ƙara. Ashe tumbin nan da muka yi shekara ashirin da biyu muna girmamawa, kuskuren fassara ne?"

Ni ya duba. "Kin sani?"

Na sunkuyar da kai. Ya dubi Nas, ya dubi Auta, kowace ta kau da ido.

"Ku duka," ya ce a hankali. Ya ajiye bokitin, ya karɓi rigar kariyar da wani ya miƙo masa, ya sa.

Daga nan bakinsa ya mutu. Ranar komawa, da za mu nemi tasi, ya tsaya a bayanmu da akwati ya ce, "Auta, tambayi wayarki." Yarinyar ta tambaya, muka samu tasi.

Muka dawo gida. Mai aski na hango kan daga nesa ya fito har tsakiyar titi da almakashi a hannu. "Na-Ƙetare! Hannun ƙwararrun ke nan?" Mutanen da ke bencin ƙofar shagonsa suka kwashe da dariya, suna jiran ya rama. Ya ce, "Mun je lafiya, mun dawo lafiya," ya shige gida.

Mako guda gidanmu shiru kamar an yi rasuwa. Na soya kifi, ya ci bai ɗaga shi ta wutsiya ba. Na ce yau an yi zafi, ya ce ƙwarai kuwa. Ni da na shekara ashirin da biyu ina roƙon Allah ya kawo ranar da zan huta da labarin teku, ga ranar ta zo, kuma ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan. Gwaggo ta zo ta zauna da shi rabin awa, ta biyo ni kicin.

"Me kuka yi wa ƙanena?"

"Yaya, har da bakinki a ciki."

"Ni tsokana na yi. Ban ce a kashe mini shi ba."

Ranar Asabar bayan azahar, mai aski da mai kantin kusa da mu suka shigo yi mana barka da dawowa. Ina jin su ma bencin ya yi musu shiru. Aka zauna a falo, na kawo shayi. Mai kanti ya ce, "To Na-Ƙetare, ba mu labari mana. Yaya tekun?"

"Tana nan," ya ce. "Akwai ruwa. Mun shiga jirgi, iska ta ɗauke mini hula. Shi ke nan, ya isa haka."

Ya kai kofi baki.

Auta ta kife wayarta a kan tebur. "Baba," ta ce, "tikombo."

Ya tsaya da kofin a leɓe.

"Tikombo, Baba," in ji Nas.

"Tikombo, Baban yara," na ce.

Gwaggo ta ja tsaki. "Kai dalla tikombo, kada shayin ya huce."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye kofin, ya kai hannu ya shafa inda gashin baki yake a da. Ya gyara zama.

"To, ba wai iska ce kawai ba. Igiyar ruwa ce, tsayinta ya kai benen can na bakin titi."

"Kai!" in ji mai kanti.

"Mutum talatin a jirgi, maza na kuka, mata na salati. Yaya ga ta nan, har wasiyya ta fara. Shi kansa matuƙin, wanda aka haifa a cikin ruwa, ya sassauta ya juyo yana neman shawara. Kowa ya yi tsuru-tsuru. Mutum ɗaya ne ya buɗe baki, a hancin jirgi, ko rigar kariya babu."

"Me ka ce masa?" in ji mai aski, ya matso bakin kujera.

"Da yarensu na ce masa a ƙara! Ya zagaya, na ce a ƙara! Sau uku muna zagaya hasumiya, ni kaɗai nake cewa a ƙara, har sai da aka sa lasifika aka roƙe ni in yi shiru. Ga su nan, ku tambaye su. Ƙarya nake?"

Mai aski ya juyo ya dubi Gwaggo, don ya san ita ba ta rufa wa kowa. Gwaggo ta buɗe baki, ta rufe, ta sake buɗewa.

"Wallahi," ta ce, "wannan karon ko kalma ɗaya bai ƙara ba."

Ba su tashi ba sai da na sake dafa shayi sau biyu. Zuwa mako na gaba igiyar ruwan ta kai bene biyu, zagayen ya zama bakwai. Na kira Auta gefe na sa ta nemo mini gajeriyar kalmar nan da budurwar ta faɗa wa matuƙi inji ya mutu. Na rubuta ta a 'yar takarda, na sa a ƙasan akwatina don ranar da abin zai fi ƙarfina. Har yau ban ɗauko ta ba.